Tsofaffin hotunan furanni: gane na asali, adana su a Jidda, da yin mai shuɗin nan da hannunka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Jidda. Na sayi wani ƙunshin takardu a kasuwar gwanjo da ake kira haraj, guda goma sha huɗu, duk hotunan furanni ne. Wasu zane ne mai launi da ƙananan rubutun boko a ƙasa, wasu hoton kyamara ne da ya koma ruwan ƙasa, ɗaya kuma shuɗi ne gaba ɗayansa, ganye da fure suka fito fari. Mai sayarwa ya ce sun haura shekara ɗari. Ta yaya zan tabbatar? Yaya zan adana su? Kuma shuɗin nan, mutum zai iya yin irinsa da wardin Ɗa'if?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Maganar mai sayarwa ka ajiye ta gefe tukuna. Ba lallai ƙarya yake yi ba, sau da yawa shi ma abin da aka gaya masa yake maimaitawa. Takardar da kanta za ta faɗi shekarunta in ka san inda ake dubawa. Abu na farko da za ka riƙe shi ne furen da ke jikin hoto ba ya nuna tsufa. Wardin da mai zanen furannin nan Redouté ya zana a Faransa shekara ɗari biyu da suka wuce har gobe ana buga shi a kalanda da kwalin sabulu da kofin shayi. Tambayar da za ka yi wa kowace takarda ita ce: ta wace hanya tawada ta hau ta?

Kayan aiki uku sun ishe ka. Gilashin ƙara girma mai ninka goma, irin wanda masu zinare ke duba sarƙa da shi. Ƙaramar tocilan. Sai fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba takardun kuɗi da ita. Ka wanke hannu ka bushe shi sosai, ka share tebur, shayi ya yi nesa.

Fara da fitilar kuɗi, don ita ce mai saurin yanke hukunci. Tun wajen shekarun 1950 masana'antu suka fara zuba wa takarda wani sinadari mai ƙara mata fari. In ka kashe wutar ɗaki ka haska irin wannan takarda, za ta ɗauki haske tana walƙiya fari-shuɗi kamar sabuwar jallabiya. Tsohuwa ba ta yin haka, dishi-dishi take zama. Duk wadda ta yi walƙiya, magana ta ƙare, ba ta kai ɗari ba. Wadda ba ta yi ba kuwa ba ta tsira ba tukuna, don har yau ana yin takardun da ba a sa musu sinadarin.

Sai gilashi. Ɗora shi a kan wurin da launi ya yi sauƙi, kamar gefen fure. Idan ka ga ɗige-ɗige a jere, tazararsu ɗaya, launi huɗu, shuɗi mai haske da ja mai ruwan hoda da rawaya da baƙi, suna haɗuwa suna yin ƙananan da'irori, to bugun injin zamani ne, kwafin wani zane ne aka ɗauka. Idan ɗigon ƙanana ne ƙwarai, a warwatse kamar an barbaɗa gari, firintar kwamfuta ce. Akwai dabarar da ba ta cika kuskure ba: duba tabon tsufa, ɗigon nan masu ruwan tsatsa. A takarda ta asali tabon yana cikin jikinta, sau da yawa ka juya baya ka gan shi a daidai wurin. A kwafi kuwa tabon ma hotonsa aka ɗauka, da gilashi za ka ga shi kansa ɗigon tawada ne, bayan takardar kuma tas. Masu son yaudara suna jiƙa sabuwar takarda da ruwan shayi. Irin wannan launinta ɗaya ne daga gefe har tsakiya, ko kuma ka ga shatin inda ruwan ya tsaya ya bushe, alhali tsufa na gaskiya daga gefe yake fara ci.

Waɗanda suka tsallake wannan su ne abin zama a kansu.

Daga ƙarni na 17 har cikin na 19, yawancin zanen furanni na littattafai da farantin jan ƙarfe ake buga su. Mai zane ya zana furen da launin ruwa, wani gwani ya sassaƙa shi a kan faranti, a cika ramukan da tawada, a goge fuskar farantin, a ɗora takarda mai danshi, a matse su tsakanin manyan ƙarafa. Wannan matsi yana barin shaida biyu. Ta farko, shatin gefen faranti, wani ɗan lotsawa mai kusurwa huɗu da ya kewaye zanen. Ta biyu, tawadar tana ɗan tasowa sama da takarda, don daga cikin rami aka ciro ta. Kwantar da tocilan a gefen tebur haskenta ya bi fuskar takardar a kwance, za ka ga duka biyun. Launin kuwa da hannu ake sa shi, takarda bayan takarda, galibi mata da yara ne ke wannan aiki. Saboda haka za ka ga inda kore ya ɗan zarce layin ganye, inda launi ya taru a baki ya fi duhu, da sawun burushi. Wani lokaci wuraren duhu suna ɗan sheƙi, ƙaro ne aka shafa, shi dai wanda ake sa wa tawadar allo. Ka sani ana ƙirƙirar shatin faranti ta hanyar matsa farantin da ba komai a kansa, don haka shati shi kaɗai ba hujja ba ne. In ka ga shati amma gilashi ya nuna ɗigon inji a jere, kwafi ne aka yi wa kwalliya.

Ƙananan rubutun da ka gani a ƙasa suna da amfani. Gajerun kalmomin Latin ne. Suna mai biye da del. ko pinx. shi ne wanda ya zana. Mai biye da sc. ko sculp. shi ne wanda ya sassaƙa farantin. In ka ga lith. bugun dutse ne, imp. kuma mai maɗaba'a. Kwafi ma yana ɗauke da su, amma suna gaya maka abin da ya kamata ka gani. Takardar da aka rubuta wa sculp. amma ba shati, ba tawada mai tasowa, ta tona wa kanta asiri.

Abin da ya fi yawo a kasuwannin duniya shi ne shafukan mujallar tsirrai da William Curtis ya fara a Landan a 1787, wadda aka ci gaba da sa wa launi da hannu har 1948. Shafukanta ƙanana ne, ba su wuce santimita 23 a tsawo da 14 a faɗi ba in ba masu naɗewa ba, da lamba a sama, na farkon kuma da ranar bugawa a ƙasa. Duba gefe ɗaya, za ka iya ganin ramukan ɗinki inda aka farke shafin daga littafi. An buga su da yawa, shi ya sa samun na asali ba abin mamaki ba ne, kuma ba dukiya ba ce, abin sha'awa ne. Na Redouté daban. Littafinsa na wardi, Les Roses, ya fito tsakanin 1817 da 1824 da zane wajen 170, a manyan takardu. Ba da layi aka sassaƙa su ba, da ɗigo ne, aka shafa tawada masu launi a kan faranti ɗaya, sannan aka ƙarasa da burushi. Nan mutane ke ruɗewa su ce ai ɗigo alamar jabu ne. Bambancin a fili yake: ɗigon hannu ba su da jeri, wani babba wani ƙarami, suna cunkushewa inda inuwa take, suna bajewa inda haske yake. Duk da haka kada ka sa rai. A cikin abin da ake sayarwa da sunan Redouté, kwafi ya ninka na asali nesa ba kusa ba.

Bugun dutse, wato a yi zanen a kan shimfiɗaɗɗen dutse a buga daga nan, Senefelder ne ya ƙirƙiro shi a Jamus a ƙarshen shekarun 1790, ya kuma mamaye zanen tsirrai a tsakiyar ƙarni na 19. Ba shi da shati, tawada a kwance take, layinsa da gilashi kamar an goga alli a kan siminti. Daga 1837 aka samu mai launi, kowane launi da dutsensa, irin wanda aka cika katunan gaisuwa da kundin masu sayar da iri da shi. Launinsa mai kauri ne, wani kan wani, kuma a gefe sau da yawa ka ga inda launi ɗaya ya ɗan goce.

Ɗaga takardar ka duba ta a hasken taga. In ka ga siraran layuka a matse, da wasu masu tazarar wajen santimita biyu da rabi sun ratsa su, takardar da aka yi a kan rariyar waya ce. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon Alƙur'ani rubutun hannu na ƙasar Hausa ya san ta, har da alamar jinjirin wata uku da ke cikin ta Italiya da ake kawowa ta hamada. A Turai wajen 1800 ne takarda marar layi ta fara rinjaye. Kana iya cin karo da sunan masana'anta da shekara a cikin takardar. Shekarar tana nufin ba a buga zanen kafin nan ba, ba wai a shekarar aka buga ba.

Mu koma kan na kyamara. Dalilin da ya sa fure ya cika hotunan farko mai sauƙi ne: a lokacin sai abu ya tsaya cak na daƙiƙu masu yawa ko mintuna kafin hoto ya kama, fure kuwa ba ya ƙifta ido. Talbot a Ingila tun 1834 yake ɗora ganye a kan takarda mai sinadarin azurfa yana shanyawa a rana. Adolphe Braun, mai zanen yadi a garin Mulhouse na Faransa, ya fitar da ɗaruruwan hotunan furanni a tsakiyar shekarun 1850, ba don bango ba, don masu zana atamfar Turawa su samu abin kwaikwayo. Akwai wata alama ta zamani da ke cikin hoton kansa. Sinadaran farko shuɗin haske kawai suke gani. Jan wardi sai ya fito kusan baƙi, rawaya ta yi duhu, shuɗin fure ya koma fari. Faranti mai ganin dukan launuka sai 1906 ya shiga kasuwa sosai. To in ka ga tsohon hoto cike da fararen furanni, ko fure mai duhu fiye da yadda ka san shi, ba ganganci ba ne.

Naka masu ruwan ƙasa, in na ƙarni na 19 ne, mai yiwuwa takardar farin ƙwai ce, wato wadda aka shafe fuskarta da farin ƙwai, wadda aka fara a 1850 aka yi ta yi har shekarun 1890. Siririya ce ƙwarai, shi ya sa kusan kullum a manne take a kan kwali. Tana da ɗan sheƙi, wuraren da ya kamata su yi fari sun koma rawaya, gefuna sun koɗe, kuma da gilashi za ka ga fuskarta ta yi ƙananan tsage-tsage kamar busasshen tabki, zaren takardar na leƙowa ta ƙasa. Wadda ta gaje ta, mai jelatin, ta fi kauri, ba ka ganin zarenta, kuma in ta tsufa wuraren duhu suna yin wani sheƙin ƙarfe mai shuɗi-shuɗi idan ka karkata ta. Hoto na gaskiya ba shi da ɗigo ko kaɗan, launi yana narkewa ne daga duhu zuwa haske.

Tsakanin zane da hoto akwai hotunan da aka buga da tawada. Ogawa Kazumasa na Japan ya yi fice da furanninsa masu launi a shekarun 1890, kuma irin bugunsa da gilashi za ka ga kamar ƙananan tsutsotsi a lauye. Karl Blossfeldt, malamin zane a Balin, ya ɗauki tohon tsirrai da kyamarar da ya haɗa da kansa, yana ƙara musu girma har ninki talatin, su fito kamar aikin maƙera. Littafinsa na 1928 yana da hoto 120, kuma shafukansa da aka farke su ake sayarwa ɗai-ɗai, launinsu baƙi mai ɗan kore ko ruwan ƙasa, da wata siririyar raga da sai da gilashi ake ganinta. Idan kuma wata rana aka miƙo maka hoton fure mai launi a kan gilashi, wanda sai an ɗaga shi a haske ake gani, wannan shi ne na 'yan'uwan nan Lumière da ya shiga kasuwa a 1907, launinsa daga rinannen garin dankali yake. Ɗigon ruwa ɗaya yana ɓata shi, kada ka goge.

Ka kuma duba ko akwai tsiron wannan yanki a cikinsu, don irinsu sun fi ƙaranci. Masanin tsirrai Peter Forsskål da ayarin da sarkin Denmak ya aiko sun sauka Jidda a ƙarshen 1762. Shi da mai zanensu Baurenfeind duk sun rasu a 1763, Carsten Niebuhr da ya rayu shi ya buga aikin tsirran a 1775 da zane-zanen a 1776. Na kusa-kusa, Sheila Collenette ta fitar da littafin hotunan furannin Saudiyya a 1985, shi ne zai taimake ka gane sunan abin da kake gani.

Batun adanawa. Abokin gabarka a Jidda ba rana ba ce kaɗai, danshin teku ne. Takarda ta fi son danshin iska tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. Ya haura 65 ya daɗe, fumfuna za ta fito, tabon tsatsa ya yaɗu. Abin da ya fi wannan illa shi ne hawa da sauka: mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a kunne da dare, a kashe da rana, ko a rufe gida wata guda a tafi hutu. Takarda ta kumbura ta motse, hoton farin ƙwai ya ƙara tsagewa. Sayi ƙaramin ma'aunin danshi, ka zaɓi ɗakin da ya fi zama da hali ɗaya, ba jikin bangon banɗaki ba, ba ƙarƙashin mukayyif ba. Ajiye su a kwance cikin akwati mai murfi, kowace da farar takardar auduga marar asid a tsakani, ka jefa ƙullin ƙwayoyin nan masu shan danshi, kana busar da su lokaci-lokaci. Turaren wuta ka raba shi da su, hayaƙinsa mai maiƙo ne, yana kwanciya a kan takarda ya kama ƙura, kuma ba ya fita. Buɗe akwatin duk bayan wata biyu ko uku saboda kyankyaso da ƙwarin da ke cin takarda.

Abubuwa uku kada ka kusance su: salatif, gam, da leminetin. Mun saba kai takardar shaida a rufe ta da roba, amma ga tsohon zane wannan kisa ne, zafi da gam suna shiga jikinsa, ba kuma a cirewa. Kada ka yanke gefe don ya shiga firam, gefen nan da shatin faranti da ramukan ɗinki su ne shaidarsa. In za ka rataye, a sa kwali mai taga tsakanin zane da gilashi don kada su haɗu, a riƙe takardar da 'yan kusurwoyi ba da gam ba, a bangon da rana ba ta kaiwa. Launin hannu, musamman ja da ruwan hoda, shi ke fara gudu. Mafi alheri ma ka ɗauki hoto mai kyau ka buga ka rataye, na asalin ya kwanta a duhu. Ƙari ɗaya: takardun adana da yawa ana sa musu alli don kashe asid. Wannan ya dace da zane, amma yana koɗar da mai shuɗin nan, shi sai marar alli.

Shi mai shuɗin sunansa sayanotaif. John Herschel ne ya gano hanyar a 1842, Anna Atkins kuma ta fara fitar da littafinta na ciyayin teku da ita a 1843, daga baya ita da ƙawarta Anne Dixon suka yi na furanni. Ba kyamara a ciki, inuwar tsiron ce da kanta. Sanin shekarun naka yana da wuya, don yadda ake yi jiya haka ake yi yau, sai dai takardar ta ba da shaida. Da gilashi, na gaskiya ba ɗigo, ba sheƙi, shuɗin ya shige cikin zaren takarda kamar rini. Kuma e, za ka iya yi, ranar ƙasar nan ma ta fi ta Ingila dacewa. Ga mai ƙyamar hoton abu mai rai kuma nan ba taƙaddama, tun da Ibn Abbas ya nuna wa mai sana'ar zane ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da ruhi.

Sinadari biyu ne. Na farko ferik amoniyam sitret, ka nemi koren, ya fi mai ruwan ƙasa saurin kamawa: giram 25 a narka, a cika ruwa ya kai mililita 100. Na biyu fotasiyam ferisayanaid, jajayen ƙwayoyi: giram 10, shi ma ruwa ya kai mililita 100. Ana kuma sayar da su a shirye, kwalba biyu, a wajen masu kayan zane. Ruwan ya zama tatacce, irin na zuba wa batir wanda ba asid a ciki. Kowanne da kwalbarsa mai duhu, su kwana kafin a taɓa. Ta farkon tana yin fumfuna a sama bayan 'yan watanni, tace ta da takardar tace gahawa, ba ta lalace ba. Sa safar hannu, kada ka yi aiki da kwanon abinci, ka nesanta su da yara, kuma na biyun kada ya haɗu da asid mai ƙarfi, kamar ruwan wankin banɗaki, don yana fitar da iska mai guba.

Ranar aiki sai ka haɗa su daidai wa daida, iya abin da za ka ƙarar a ranar. Mililita 3 zuwa 4 na haɗin ya ishi takarda mai girman A4, wato abin da ka dama zai kai wajen hamsin. Takardar ta zama ta launin ruwa, ta auduga, mai nauyin giram 300, don sirara tana yagewa a wanki. A ɗaki mai labule, da ƙaramin ƙwan fitila, shafa da soso ko burushin da ba ƙarfe a wuyansa, a tsaye sannan a kwance, siriri, kada ya taru. Bar ta ta bushe a duhu, rabin awa zuwa awa ɗaya, a ɗakin mukayyif. Ya kamata ta bushe tana kore mai rawaya. In ta koma toka ko shuɗi tun ba ta ga rana ba, ko haske ya shiga, ko danshi ya yi yawa, ko takardar mai alli ce.

Yanzu wardin Ɗa'if. Gaskiya shi ne mafi wahala a fara da shi. Furensa yana da ganye wajen talatin a cure, haske ba ya ratsawa, abin da za ka samu farin dunƙule ne kamar an ɗora ƙwai. Ga shi lokacinsa gajere, Maris zuwa Afrilu, a gonakin Hada da Shafa. Mafita uku ce. Ka zare ganyen furen ɗai-ɗai ka jera su. Ko ka tsaga toho gida biyu a tsaye da reza. Ko ka danne furen tsakanin jaridu a ƙarƙashin littattafai masu nauyi kwana goma zuwa mako biyu, kana canza jaridar kullum a kwana ukun farko, in ba haka ba ya ruɓe ya yi baƙi. In kuwa cikakken wardi kake so da inuwarsa da naɗinsa, ɗauke shi da waya, ka juya hoton baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi, a buga maka a kan farar roba mai ratsa haske a maktaba, wato shagon kayan rubutu da buga takardu, ka ɗora robar a madadin furen. Don koyo, fara da jahannamiyya, furen nan mai kama da takarda da ke hawa katangu, ganyen furenta siriri ne, jijiyoyinsa suna fitowa sarai. Ganyen darbejiya, irin wadda aka shuka a filin Arfa, yana ba da baki mai kyau kamar zarto. Furen zogale, kan ɗoɗɗoya da ciyayi masu gashi duk suna yi. Ful na Jazan, farin furen nan mai ƙamshi, yana da ruwa da kauri, sai an danne shi.

Jera su haka: katako a ƙasa, takarda, fure, sai gilashin taga na talaka, ka matse gefuna huɗu da maƙalai. Gilashi mai duhu ko na mota yana tare hasken da ake buƙata. Duk inda fure bai manne da takarda ba, gefensa zai fito a dushe. Kafin ka ɓata babbar takarda, yanki siririya, ka rufe ta da kwali, kana janyewa kaɗan duk minti biyu har minti goma sha biyu, ka wanke, ka ga wane mataki ya ba da shuɗi mai duhu. Alamar nuna ita ce takardar ta wuce shuɗi ta koma toka mai ruwan tagulla, kamar ta ƙone. Masu koyo a nan suke tsorata su ɗauke da wuri. Ka fi son hantsi a kan tsakar rana: gilashi a ranar azahar ta Jidda yana dafa ɗanyen fure, ya yi gumi, ruwan ya bar tabo.

Wanki da ruwa ne kawai. Kifa takardar a baho, kana girgizawa, kana canza ruwa sau uku ko huɗu, minti biyar zuwa goma, har rawayar ta fita daga wuraren fari. Ruwan famfo in yana da ɗan kanwa-kanwa zai ci shuɗin, maganinsa cokali ɗaya na farin khal, wato binega, a lita guda a wankin farko. Da farko shuɗin zai yi rauni, iska ce ke ƙarasa shi cikin kwana ɗaya, kamar yadda zane ke fitowa daga karofi kore ya koma shuɗi a sarari. Mai gaggawa ya zuba ƙaramin cokali na ruwan oksijin ɗin wanke ciwo, mai kashi 3, a lita guda, nan take zai yi duhu.

In hoton ya bi ruwa ya tafi, rana ba ta ishe shi ba, ko ka labta sinadari da yawa bai shiga takarda ba. In furen da ya kamata ya yi fari ya yi shuɗi, ya daɗe a rana ko haske ya riga ya taɓa takardar. Rawayar da ta rage, wanki ne bai kai ba, kuma za ta yi duhu daga baya. Ɗigon shuɗi a warwatse, ƙarfe ne ya taɓa haɗin. Wanda ya koɗe a bango saboda rana, sa shi a aljihun tebur 'yan kwanaki inda iska ke shiga, yawancin launin yana dawowa. Wanda sabulu ko omo ya koɗar kuwa ba ya dawowa haka.

Wannan raunin nasa ga kanwa shi ake mora in ana son ruwan ƙasa irin na tsofaffin hotuna. Bari hoton ya kwana, ka jiƙa shi, ka tsoma a lita guda ta ruwa da aka narka ƙaramin cokali na kanwa aka tace, kana kallo, da ya koma toka-toka ka cire, wani lokaci rabin minti ya isa. Ɗauraye sosai. Sai ka tsoma a baƙin shayi mai kauri da ya huce, ƙulli takwas zuwa goma a lita, ba sukari, minti goma sha biyar zuwa rabin awa. Ruwan bagaruwa ta majema, wadda masu kayan ƙamshi a nan ke kira garad, yana yin wannan aiki, sai dai duka biyun suna rina farin takardar ma, don haka gwada a kan wanda ya lalace tukuna. In ya bushe, rubuta a bayansa da fensir sunan furen, ranar, ƙarfe nawa, da minti nawa ya yi a rana, don mintunan da suka ishe ka a Yuni ba za su ishe ka a Disamba ba.